Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara Ta Shari'ar Musulunci Ta Jihar Katsina: A Buɗe Wa Kakanni Ƙofar Ganin Jikokinsu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya gafarta Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da alƙalan da ke ƙarƙashinka, na rubuto ne a kan wata magana da ba ta cika zuwa gabanku da sunanta ba, ko da yake tana kwance a ƙarƙashin ƙararraki da yawa da kuke saurara. Maganar kakan da aka hana shi ganin jikansa ce. Na sa wasiƙar a fili domin 'yan Majalisar Dokokin Jiha su gani, da Hukumar Hisba, da masu unguwanni da magaddai da hakimai na masarautun Katsina da Daura, tunda su ne tsofaffin nan ke fara kai wa kuka. Ni ba lauya ba ne, ba kuma alƙali ba. Tsohon malamin makaranta ne ni, wanda tun da ya ajiye aiki ake yawan kiransa zauren mai unguwa idan za a yi sulhun iyali.

Roƙona guda ne, sauran duk bayani ne. Ina roƙon ofishinka ya fitar da rubutacciyar ƙa'ida ga kotunan shari'ar Musulunci na jihar nan, wadda za ta fayyace cewa kaka, na wajen uwa ko na wajen uba, har da mahaifan kakanni idan Allah ya ja kwanansu, suna iya zuwa gaban alƙali su nemi a yanka masu lokacin ganin jika kawai, ba tare da sun nemi a karɓe yaron daga hannun mai riƙonsa ba. Ƙa'idar kuma ta faɗi a wane hali za a saurare su, a wane hali za a ce su koma gida su yi haƙuri.

Yadda abin ke faruwa ba ɓoyayye ba ne. Magidanci ya rasu ya bar mata da ƙananan yara. Ta gama takabarta ta wata huɗu da kwana goma, a zo rabon gado a sami saɓani a kan gida ko gona ko kayan ɗaki, a yi ta faɗin maganganun da ba a iya mayarwa ciki. Ta kwashe 'ya'yanta ta koma gidansu, shekara ta zagayo ta yi aure a wata unguwa ko wani gari. Daga nan uwar mamacin sai dai ta ji labarin jikokinta a bakin mutane. Ko kuwa a juya: mace ta rasu wajen haihuwa, ko a sake ta, uban ya riƙe yaran ya ce ko ƙofar gidan tsoffin surukansa ba za su taka ba, domin shi da su sun yi baram-baram. A 'yan shekarun nan kuma ta'asar 'yan bindiga ta ƙara wa abin yawa. Duk mazaunin birnin Katsina ya ga matan da suka baro ƙauyukan Batsari da Safana da Jibiya da Ɗanmusa bayan an kashe mazansu, kowace ta kama inda za ta sami rufin asiri, tsofaffi kuma an baro su can ko sun faɗa wani gari dabam. Waɗannan ba gaba ce ta raba su ba da farko, amma da zarar sabon miji ya ce ba ya son dangin tsohon miji suna yi masa sintiri a gida, ƙarshen labarin ɗaya ne.

Akwai wata dattijuwa da na sani. Ɗanta direba ne, ya rasu a haɗarin mota. Yaron da ya bari a hannunta aka yaye shi, a bayanta ya yi barci har ya isa shiga makarantar allo. Sunan mijinta marigayi aka sa masa, don haka ba ta kiran sunan, sai dai ta ce "Maigida". Da uwar ta yi aure aka aiko mata cewa kada ta ƙara zuwa. Abin da take yi yanzu, ranar da ƙafa ta yi mata sauƙi sai ta hau napep ta sauka kusa da Islamiyyar da yaron ke zuwa, ta zauna a dakalin wani gida mai kallon ƙofar makarantar, da ƙuli-ƙuli da 'yar naira ɗari ƙulle a gefen mayafi. Idan an tashi yara ta yi ta raba ido har ta hango shi. Wata rana ya rugo wurinta. Wata rana ya waiga ya ga ko wani ɗan gidansu na kallo, ya ɗauke kai ya wuce, domin an gaya masa in aka gan shi da ita zai sha duka. Da aka kawo maganar zaure, ga abin da ta ce wa mai unguwa: "Ni ban ce a ba ni shi ba, ranka ya daɗe. Ina ni ina riƙon yaro, ni da ake riƙo? In gan shi dai, ya shigo ɗakina ya ci tuwo, ya san gidan ubanshi." Mai unguwa ya aika a kira mijin uwar, ya ce yana kasuwa. Aka sake aikawa, ya ce ba shi da magana da kowa. Iyakar ƙarfin mai unguwa ke nan.

Ba sai na gaya wa Malam matsayin kaka a gidan Bahaushe ba. Haihuwar fari gida ake zuwa, kaka ke dafa ruwan wankan jego, ita ke kwana da jariri, wurinta ake kai yaye. Ɗan fari da iyaye ke jin nauyin ko kiran sunansa, a jikin kaka yake samun sakewa. Ita ce ke ce wa jikanta namiji mijinta, ta ce wa mace kishiyarta, su yi ta tsokanar juna. Yaron da aka yanke masa wannan bayan mutuwar ubansa maraici biyu ya yi, na farko daga Allah, na biyu daga mutane. Shi ya sa nake ganin haƙƙin yaron ne ake tauyewa kafin na tsohuwar.

Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne ba baƙon abu nake nema ba, kuma Malam ya fi ni sanin haka nesa ba kusa ba. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, uwar ɗansa Asim. Wata rana ya je Ƙuba ya tarar da yaron yana wasa a harabar masallaci, ya kama damtsensa ya ɗora shi a gabansa a kan abin hawa. Kakar yaron ta cim masa, suka yi ta jayayya har gaban Sayyidina Abubakar. Umar ya ce ɗansa ne, ita ma ta ce ɗanta ne. Abubakar ya ce ya sakar mata shi, kuma Umar bai ƙara cewa uffan ba. Umar fa, da ƙarfinsa da kwarjininsa, a gaban wata tsohuwa. A kan irin wannan malaman mazhabarmu suka gina babin renon yaro. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiranmu ke karantawa a zaure, ta ce reno na uwa ne bayan rabuwa, har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare, idan uwar ta rasu ko ta yi wani aure sai ya koma ga kaka, sannan 'yar'uwar uwa. Muhtasar na Shehu Halil ya jera su dalla-dalla: uwa, sai uwar uwa, sai kakar uwa, sai 'yan'uwan uwa mata, sannan kaka ta wajen uba, kuma ita wannan tana gaban uban kansa. To wadda shari'a ta ga ta cancanci a danƙa mata yaro ɗungurungum, dare da rana, da wace hujja za a ce ba ta cancanci ta gan shi wuni guda ba?

Akwai wani wuri kuma a Muhtasar ɗin, a babin ciyarwa, da na ga ya fi kusa da abin da nake nema. Ya ce miji ba shi da ikon hana iyayen matarsa da 'ya'yanta na wani mijin shiga wurinta, ko da rantsuwa ya yi sai a sa ya karya. Alƙali ya hukunta wa ƙananan 'ya'yanta shiga kullum, manya kuma duk mako, haka ma iyayenta. Idan mijin yana tuhumar iyayen da ɓata masa mata, sai su shiga tare da wata amintacciyar mace. Na san wannan mas'ala a kan matar aure take magana, ba a kan jika ba, kuma auna wata mas'ala a kan wata aikin malamai ne, ba nawa ba. Amma ta nuna fiƙihunmu ya daɗe da sanin ziyarar da alƙali ke yankewa, da ranarta, har da mai sa ido idan akwai zargi. Ayoyin Suratu Muhammad na 22 da 23 a kan masu yanke zumunta, da hadisin Buhari da Muslim cewa mai yanke zumunta ba zai shiga Aljanna ba, kullum muna jin su a huɗuba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara shida, hannun kakansa Abdulmuɗɗalib ya koma, kuma shi da kansa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab. Hurumi ma akwai shi. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya sa al'amuran aure da dangantakar iyali da waliccin ƙaramin yaro a cikin abin da kotunka ke dubawa, kuma tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, jihar nan ta faɗaɗa aiki da shari'a.

To ina gizo ke saƙar? Tsoho ko tsohuwa idan abin ya ishe su suka nufi kotu, shawarar da dangi da masu rubuta takardar ƙara ke ba su ita ce su nemi riƙon yaron gaba ɗaya, domin ita ce ƙarar da kowa ya sani. Daga ranar da sammaci ya isa hannun uwar, ta gama yanke cewa ƙwace mata ɗa aka zo yi. Su kuma don su ci shari'a dole su ɓata ta: ba ta kula da shi, mijinta na dukansa, ai ma ta yi aure haƙƙinta ya faɗi. Ita ma ta buɗe nata kundin. A fito kotu ana harara, wanda ya ci ya tafi da yaro, wanda ya faɗi ya rantse ba shi ba su har abada. Mutumin da wuni guda ya zo nema an sa shi yaƙin da bai shirya ba. Na san akwai alƙalai masu hangen nesa da kan rufe zama da cewa a riƙa kai yara suna gaida kakanninsu, Allah ya saka masu da alheri. Sai dai magana ce ta fatar baki, ba rana, ba lokaci, ba wanda aka ɗora wa kai yaron, don haka ba abin da za a riƙe a dawo da shi idan an saɓa. Kuma abin ya dogara ga alƙalin da mutum ya tarar, na Funtuwa ya yi haka, na Mani ya yi dabam.

Ƙasashen da suka riga mu rubuta wannan suna nan, kuma zan fara da wadda muke mazhaba ɗaya da ita. Dokar iyali ta Maroko ta 2004 ta ware sassa musamman a kan ziyara. Idan iyaye ba su daidaita ba, kotu ce ke yanke lokaci da wuri. Sashe na 185 ya ce idan ɗaya daga cikin iyayen yaro ya rasu, mahaifan mamacin su ke maye gurbinsa a haƙƙin ziyara. Jimla ɗaya ce tak, amma da muna da irinta da dattijuwar can ba ta zauna a dakalin mutane ba. A Masar, dokar 1929 da aka yi wa gyara a 1985 ta ba kakanni haƙƙin gani idan babu iyaye, sannan a 2013 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta soke wannan sharaɗi na sai babu iyaye. Amma akwai abin da ban so mu kwaikwaya daga gare su ba: tsarin sa'o'i uku a mako a wurin taruwar jama'a, kamar kulob ko lambun shaƙatawa. Kakar Bakatsine ba a lambu take son ganin jikanta ba, a ɗakinta take so, inda zai buɗe kwanonta ba tare da ya tambaya ba. Faransa ta rubuta nata a sashe na 371-4 na kundin dokokinta da sunan yaron: shi ke da haƙƙin hulɗa da waɗanda ya fito daga tsatsonsu, kakanni da iyayen kakanni, kuma ba abin da ke hana wannan sai maslahar yaron. A Ingila kuwa, ƙarƙashin dokar yara ta 1989, kaka ba shi da haƙƙi kai tsaye, yawanci sai ya fara neman izinin kotu kafin ya shigar da buƙatarsa.

Labarin Amurka shi ne gargaɗi. Jihohinta 50 kowace tana da wata doka a kan ziyarar kakanni, amma ta jihar Washington ta buɗe ƙofa har ta yi yawa, ta ce kowane mutum a kowane lokaci yana iya neman kotu ta ba shi ziyarar yaro. Wani mutum ya rasu a 1993 ya bar 'ya'ya mata biyu. Uwar ba ta hana kakanninsu ganinsu ba, ta dai ce sau ɗaya a wata ya isa. Kakannin suka ce suna son ƙarshen mako biyu a kowane wata da mako biyu a lokacin hutu, suka kai ƙara. Alƙalin farko ya raba masu gardama da ra'ayinsa, ya ba su ƙarshen mako ɗaya a wata da mako guda a hutu. Aka yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda a shekarar 2000, a shari'ar da aka sani da Troxel da Granville, ta ce an taka haƙƙin uwar. Mai shari'a Sandra Day O'Connor ta bayyana cewa uwa ko uban da ba a same shi da gazawa ba ana ɗauka yana yin abin da ya fi dacewa da ɗansa, kuma dole alƙali ya ba ra'ayinsa nauyi na musamman, ba ya maye shi da nasa don kawai yana ganin nasa ya fi ba. Kusan shekara bakwai ana shari'a a kan 'yan kwanaki a wata, yaran na girma suna ganin uwarsu da kakanninsu a matsayin abokan gaba. Wannan kam Allah ya raba mu da shi.

Don haka ban ce a buɗe ƙofar wangale ba. Inda uwa da uba ke raye, suna zaune tare, suka haɗu a kan nisanta 'ya'yansu da wani kaka, ra'ayina kotu ta janye hannunta. Zunubin yanke zumunta yana wuyansu, a bar wa malamai da dattawa da Hisba su yi ta nasiha. Duk mun san yadda zama ke kasancewa tsakanin wasu matan da uwayen mazansu, idan aka ba kowace uwar miji damar kai sammaci gidan ɗanta, aure da yawa za su mutu a kan abin da haƙuri zai gyara. Ƙofar ta tsaya ga inda igiyar da ta haɗa kaka da jika ta tsinke: ɗansu ko 'yarsu ta rasu, ko aure ya mutu, ko an sace mutum ko ya ɓace, ko yana kurkuku, ko ciwon taɓin hankali ya same shi. Sai kuma inda yaron ya taɓa zama a hannun kakan har ya shaƙu da shi.

Kuma ba kowane kaka ne abin tausayi ba, gaskiya ɗaya ce. A zauren nan dai wata bazawara ta zo tana kuka. Uwar mijinta marigayi ta aiko a ba ta aron yarinya ta yi mata salla, salla ta wuce, wata ya wuce, yarinya ba ta dawo ba. Da uwar ta bi sawu ta tarar an cire ta daga makaranta an ɗora mata farantin talla. Sai da aka yi da gaske kafin aka karɓo ta. Bayan wani lokaci dangin uban suka dawo suna cewa ta hana su 'yarsu. Ta dubi dattawan da ke zaune ta ce: "Ku da kuke cewa in kai ta, in an riƙe ta wa zai maido mini ita?" Ba wanda ya amsa. Akwai kakan da zai karɓi yaro ya tura shi almajiranci wani gari ba da sanin uwarsa ba, akwai wadda za ta zaunar da jika ta yi ta zagin uwarsa tana ce masa ita ta kashe ubansa, akwai wanda idonsa na kan gadon marayan. Yawancin matan da ke hanawa tsoro ne ke sa su, ba mugunta ba. A nan ne nake ganin rubutaccen hukunci zai amfani uwa kamar yadda zai amfani kaka. Takardar da ta ce a kai yaro da hantsi ita ce kuma ta ce a maido shi kafin magariba, kuma wanda ya riƙe shi ya saɓa wa alƙali, ba wa suruka ba. Uwar da ta san haka za ta fi sakin jiki ta bayar.

Yadda nake hango abin, kada a karɓi ƙarar sai an nuna an gwada sulhu a gaban mai unguwa ko limami ko Hukumar Hisba da gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa, kuma idan sulhun ya yiwu a kawo shi alƙali ya sa hannu ya zama hukunci. Idan bai yiwu ba, alƙali ya fara da jin dalilin mai riƙo, ya ɗauke shi da nauyi, kakan ne zai nuna cewa hanin ya wuce iyaka. Wanda aka rage masa ziyara ba daidai yake da wanda aka hana shi sam ba. Yaron da ya yi wayo a ji ta bakinsa a ofishin alƙali, ba a gaban jama'a ba, ba kuma a gaban masu jayayyar ba. Abin da za a yanka ya zama daidai da rayuwarmu: wunin Juma'a ko na Lahadi bayan mako biyu, washegarin salla, 'yan kwanaki a hutun makaranta ga yaron da ya isa kwana a wani wuri, kuma kada ya ci karo da boko ko Islamiyya. Mijin uwa idan ya ce ba ya son su a gidansa, gidansa ne, ba a tilasta masa, sai a kai yaron ko a haɗu a gidan iyayen uwar. Inda akwai zargi a sa amintacciyar mace ta raka, kamar yadda Shehu Halil ya faɗa a waccan mas'ala. Abu ɗaya da nake roƙo da babbar murya: kada a sa ɗan sanda a cikin wannan, kada kuma a tsare uwa saboda ta saɓa ranar ziyara. Yaron da ya ga an tafi da uwarsa saboda kakarsa ya gama ƙin kakar. A yi gargaɗi, a rama ranar da aka ci, idan taurin kai ya ci gaba alƙali ya sake duba lamarin gaba ɗaya. Kakan da ya saɓa kuma, ya riƙe yaro ko ya zuga shi, a dakatar da ziyararsa.

Sai maganar iyayen kakanni, waɗanda sau da yawa ake mantawa da su. A ƙasar nan da ake aure da wuri, ba abin mamaki ba ne mace ta ga tattaɓa-kunnenta tana da sauran ƙarfi, wani lokaci ma ita ta reni uwar yaron tun daga yaye. Halil ya ambaci kakar uwa a matsayi na uku a jerin masu reno, don haka ba wani sabon matsayi za a ƙirƙira mata ba. Bambancinta da sauran shi ne ba ta iya hawa mota, ba ta iya zaman benci a kotu, kuma ba ta da lokacin jira. A yarda wakili ya tsaya mata, a sa ƙararta a gaba, a rage mata kuɗin shigar da ƙara ko a yafe, kuma hukuncin ya ce a kawo mata yaron har inda take kwance. Ɗage zama na wata uku ga mai shekara casa'in daidai yake da korar ƙara.

Akwai inda hukuncin kotu ba ya kaiwa, kuma mutanen Daura da Mai'aduwa da Jibiya sun fi kowa sani. Gidaje da yawa rabinsu na nan, rabi na Damagaram ko Maraɗi. Uwa ta tsallaka iyakar Kongolam da 'ya'yanta, takardar alƙalin Daura ba ta da aiki a can. Wannan sai sarakuna, waɗanda zumuntarsu ta girmi iyakar. Ina roƙon masarautun biyu su ɗauki irin wannan koke da muhimmanci idan ya zo, ko da abin da za a samu bai wuce a riƙa haɗa tsohuwa da jikanta a waya ba, da kawo shi sau ɗaya a shekara.

Ga 'yan Majalisar Dokoki kuma, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, a sashe na 69 da ya yi maganar riƙo da ziyara, uba ko uwa ta ambata a matsayin masu kai buƙata. Jiharmu ta yi tata dokar kare yara a 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Ina roƙon ku zauna da malamai da alƙalai da ƙungiyoyin mata ku duba ta, ku tabbatar sunan kaka da na iyayen kaka ya fito a cikinta ɓaro-ɓaro tare da sharuɗɗan da za su kare mai riƙo, yadda makwabtanmu Kiristoci da ke zuwa wasu kotunan su ma za su amfana. A gayyaci zawarawa da matan da aka kashe wa maza su yi magana da bakinsu kafin a rubuta komai, domin a kansu dokar za ta fi sauka.

Kafin Majalisa ta motsa, Allah ya gafarta Malam, akwai abin da ke hannunka yau. A umarci rajistarorin kotunan ƙananan hukumomi 34 su riƙa karɓar wannan koke da sunansa, neman ziyarar jika, kada su mayar da shi ƙarar riƙo. A kuma sa su riƙa rubuta adadin waɗanda suka zo, da ɓangaren da suka fito, na uwa ko na uba, da yadda aka ƙare, domin idan shekara ta zagayo a sami abin da za a ajiye a gaban 'yan Majalisa.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, ya yi masa jagora a kan wannan nauyi.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Birnin Katsina.